Kwana Talatin da Takwas Jikana Ba Shi da Suna

Tun da na dawo ban huta ba. Duk wadda ta shigo yi mini sannu da zuwa, kafin ta gama cire takalmi sai ta ce, "Hajiya, yaya Ingila?" Maman Jummai ta unguwar Kokoro ta tambaye ni sau huɗu, kuma kullum abin da take so ta ji shi ne ko gaskiya ne da sabulu suke wanke titi. To, ga shi na zauna na rubuta sau ɗaya, kowa ta karanta ko a karanta mata, bakina ya huta. Amma in faɗa muku tun yanzu, ban ga Ingilar da kuke gani a talabijin ba. Ƙauye na je, gidajensa ba su kai na layinmu ba, tumaki sun fi mutane yawa nesa ba kusa ba.

Abin da ya kai ni, yawancinku kun sani. Bilkisu, 'yata ta uku, ita ke auren Hamza, ɗan ƙanen maigidana Alhaji, wanda ya tashi a hannunmu bayan rasuwar mahaifinsa. Ya yi karatun likita a Najeriya, aiki ya kai shi Ingila, ya zo ya ɗauki matarsa. Da cikinta na fari ya tsufa, ba halin ta zo goyon ciki gida, don sojoji sun riga sun yi bore sau biyu a shekarar, garinmu Bangi bai gama natsuwa ba. Sai aka ce ni in je in yi mata wankan jego. Ranar da zan tashi Alhaji ya raka ni bakin mota, ya ce, "In ta sauka a bugo mini waya a kanti. Hamza ya ce ni zan zaɓi suna." Na ce to.

Motar Ɗan'azumi na shiga, direban da ke ɗauko wa Alhaji kaya daga Kamaru, don sai a Yawunde ake samun biza. Na zauna a gaba kamar wata 'yar kamasho, buhunana biyu a ƙarƙashin ƙafa: gero, kanwa, yajin jego, daddawa, busasshen ganyen darbejiya, kilishi, goro da dabino. Duk shingen da muka zo sai an kwance su. Bayan garin Buwar wani soja ya ɗaga dunƙulen kanwa ya ce da Sango, yaren ƙasarmu, "Mama, ina za ki da dutse?" Na ce Poto, wato ƙasar Turawa. Ya kira 'yan'uwansa su zo su ga mai kai wa Turawa dutse, suka yi ta dariya. Da suka watse sai ya rage murya ya tambaye ni ko ina da abin ci. Na yago masa kilishi. Ya ce, "Singila, Mama," wato na gode, ya ɗaga mana ƙarfen da kansa.

A Garwa-Bulai, kan iyakar Kamaru, na rabu da Ɗan'azumi bayan 'yan duwan, wato kwastan, sun yini suna juya takarduna. A Yawunde na sauka gidan Hajiya Asabe, 'yar'uwar Alhaji, kwana tara ina jiran biza. Ita ta koya mini duk Turancin da na tafi da shi, kalma uku: tankiyu, sori, no. Ta kuma saya mini wani kwat na gwanjo wanda mutum biyu za su shiga su zauna lafiya. Na yi mata tsiya, na ce ai ba bargo na aike ta ba. Wallahi daga baya na yi ta sa mata albarka.

Jirgi ba abin da zan ce a kansa, sai dai ban ci komai ba, don ban san yankan waye ba. A filin jirgin Landan ma kanwar nan ce ta sake tsayar da ni. Wata ma'aikaciya ta sa safar hannu ta ɗaga ta kamar wani abin fashewa. Na ce no, na ce sori, ba wanda ya yi aiki. Sai na gutsura na lasa a gabanta. Ta zaro ido, ta kira wani, suka yi shawara, suka mayar mini da kanwata, suka riƙe kilishi. Da na san haka ne da na ba sojan Buwar duka.

Hamza ya ɗauke ni a mota. Mun fi awa uku muna tafiya, hanya tana ta tsukewa, har muka shiga wadda shingen ƙaya ya rufe ta hagu da dama, in mota biyu suka haɗu sai ɗaya ta koma da baya. Ina jiran mu iso gari, sai ya tsaya ya ce, "Inna, mun iso." Na duba. Coci ɗaya da kaburbura kewaye da shi, kanti ɗaya, gidan giya ɗaya mai hoton doki a ƙofa, sai gidajen dutse a jere, kowanne ƙofarsa rufe. Ko mutum ɗaya ban gani a waje ba. Na ce, "Hamza, bore ake yi a nan ma?" Ya yi dariya ya ce haka garin yake kullum. Sunan ƙauyen har na baro shi harshena bai iya ba, Ƙauyen Tumaki nake ce masa.

Gidan ɗan ƙarami ne, ɗaki biyu a sama, matakala mai ƙara. Ba tsakar gida, ba zaure, banɗaki ɗaya ni da surukina. Duk da ni na goya shi, na yi sati ina sauraren motsinsa kafin in fito da buta. Lokacin sanyi na je. Rana ba ta fitowa sai ta ga dama, in ta fito kuma ba ta da zafi ko na ɗumama tuwo. Ka yi azahar, kafin ka naɗe darduma la'asar ta yi, ƙarfe huɗu duhu ya shiga. Ba ladan, sai agogo da wata takarda da Hamza ya manna a bango. Ku da kuke ƙorafin hayaniyar unguwarmu Sankilo, masu amalanke da masu kiran ciniki, ku gode wa Allah. Ni shiru ne ya dinga sa mini ciwon kai.

Da Hamza ya tafi asibiti, Bilkisu ta kwanta, sai in sa kwat ɗin Hajiya Asabe in bi wata 'yar hanya ta bayan coci. Ko'ina ciyawa ce kore shar, an yanka ta gona-gona da katangar dutse, tumaki cike, kowace an shafa mata shuɗin fenti a baya. Ba makiyayi, ba sanda, ba mai kallonsu. Na ce a raina da Mbororonmu za su ga wannan ciyawa da sun yi kuka. Mutanen da nake haɗuwa da su kowa da karensa, wani karen har da riga. In na gaishe su sai su yi ɗan murmushi su ƙara sauri. Mutum ɗaya ce ta taɓa tsayawa, wata tsohuwa maƙwabciyarmu mai suna Dora, mijinta ya mutu, 'ya'yanta suna birni, ita kaɗai a gida da kyanwa. Ta san ɗan Faransanci na makaranta, ni ma na san na kasuwa. Kullum hirarmu ɗaya ce: ta ce akwai sanyi, in ce akwai sanyi.

Ranar wata Alhamis Bilkisu ta sauka, namiji, tubarkalla. Hamza ya yi masa kiran salla a kunne, ya bar gurbin suna. Da muka dawo gida ya bugo kantin Alhaji, na matsa kusa ina ji. Muryar Alhaji ta fito can ƙasa-ƙasa: "Hamza? Yi sauri, rufe kanti muke, an fara harbi." Hamza ya ce, "Baba, ta sauka lafiya." Alhaji ya ce, "Alhamdulillahi, me aka..." Sai layi ya yanke. Hamza ya sake bugawa sau ashirin ko fiye. Daga wannan rana waya ba ta sake shiga Bangi ba.

Washegari na tashi da asuba na dama kunun kanwa cikin babbar tukunya, na share falo, na buɗe ƙofar gida na tokare ta da kujera, don 'yan barka kada su tarar da ƙofa rufe su ce ba a son zuwansu. Na zauna ina jira. Sanyi ya cika gida, Bilkisu ta leƙo daga sama tana rawar ɗari ta ce, "Inna, wa kike jira?" Na ce mutane. Ta ce, "Inna, nan ba a zuwa." Abin da ya shigo ta ƙofar nan yinin ranar, kyanwar Dora ce kawai. Da yamma na ji ana turo abu ta wata 'yar kafa da ke jikin ƙofa. Katuna ne guda huɗu masu hoton jariri. Wai barkarsu ke nan. Mutum ya tako har bakin ƙofarka, ya jefo takarda, ya juya. Na zubar da rabin kunun nan ina hawaye.

Amma ban daddara ba. Na ce ko ba su zo barka ba, ai ba a gayyace su suna ba. Na ƙulla goro da dabino a 'yan ledoji, na bi gida-gida, gida goma sha ɗaya. Wasu suka ɗauka talla nake, suka girgiza kai. Wani tsoho ya gutsuri goro a gabana don kara, fuskarsa ta yamutse, ya ce tankiyu da ƙyar. Ina nuna musu yatsu bakwai, ina nuna gidanmu, ina rungume hannu kamar mai jijjiga jariri. Kowa ya gyaɗa kai. Na dawo ina cewa Bilkisu ta shirya, ba za su gaza mutum talatin ba.

Sai maganar rago. Na ce wannan kam ba wuya, ga su nan har bakin taga. Na sa Hamza ya kai ni wurin mai gonar, wani dogon mutum ja mai takalmin roba. Ya ce zai sayar, amma doka ba ta yarda a yanka a gida ba, sai an kai mayanka a wani gari mai nisa, a dawo da nama cikin leda. Ba fata, ba kai, ba ƙafa. Na ce haka nan, a yi. A hanyar dawowa Hamza ya tsayar da mota ya ce, "Inna, a yanka da wane suna?" Na ce ya zaɓa, ai shi ne uban ɗa. Ya ce, "Baba ne ubana. Na ba shi, ba zan karɓe ba don waya ta lalace. Mu jira." Na yi faɗa, na ce ban taɓa jin ɗan Musulmi ya wuce kwana bakwai ba suna ba. Ya ce a nan hukuma tana ba da sati shida kafin a rubuta. Na ce hukuma ce ta haife shi? Sai na ga idonsa ya ciko, na bar maganar.

Ranar bakwai na dafa shinkafa duk da haka. Na yi wa yaron aski da kaina, don ba wanzami. Na sa atamfata mai kyau na zauna. Mutum ɗaya ta zo, Dora, da 'yar safar ulu da ta saƙa. Ta ci shinkafa cokali uku, yaji ya sa ta tari. Ta ɗauki yaron ta tambaye ni da Faransanci, yaya sunansa? Wallahi tun da nake ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba. Na ce babu tukuna. Ta ce ba komai, ita ma ta yi wata guda kafin ta sa wa kyanwarta suna.

Daga nan kwanaki suka dinga tafiya iri ɗaya. Wanka safe da yamma, a wani kwamin wanka fari, ina dafa ruwa a tukwane huɗu ina hawa da su bene. Ranar farko tururi ya sa wata na'ura a silin ta kama ihu, unguwarzomar da ke zagayowa ta tarar da Bilkisu jajawur da ganyen darbejiya a kafaɗa, ta kusa faɗuwa. Hamza ya sha bayani. Bayan wanka sai waya. Na haddace lambar kantin Alhaji, ni da ban taɓa buga waya da hannuna ba, ina bugawa sau biyar a yini kamar salla. Mun buga Yawunde, Hajiya Asabe ta ce hanya a rufe take, ba motar da ta fito. Yaron kuwa Baƙo nake ce masa. In na goya shi na tsaya a taga, sai in ga ko tumakin can kowace da alamar mai ita a baya.

A talabijin ba sa maganar ƙasarmu sai jefi-jefi, ita ma ta ɗan lokaci. Ranar kwana talatin da bakwai suka nuno. Ban ji abin da suke faɗa ba, amma na ga titi, na ga hayaƙi, na ga jerin kantuna ƙofofi a ɓalle, na ga wani a kwance an rufe shi da tabarma, ƙafafunsa a waje. Bilkisu ta ce ba layinmu ba ne. Hamza ya ce ba a gane ba. Ni kuwa na ga kamar na san rumfar, na ga kamar na san takalmin. Ban ci abinci ba ranar.

Kun san gidansu Alhaji ba a yi wa mai rai takwara. Haka suka gada tun kakansu da ya zo daga Katsina, sai mutum ya rasu ake mayar da sunansa. Washegari, kwana talatin da takwas, Hamza yana shirin fita, sauran kwana huɗu wa'adin hukuma ya cika. Na tare shi a ƙasan matakala na ce, "Je ka rubuta." Ya ce, "Wane suna, Inna?" Na ce, "Na Babanka." Ya ce, "Usmanu?" Yana nufin mahaifinsa marigayi. Na ce, "A'a. Wanda ya riƙe ka." Ya daɗe yana kallona. Ba shi ya faɗa ba, ba Bilkisu ba. Ni na faɗa, kuma ina so ku san haka. Ya tafi ya rubuta, ya biya ta wurin mai gonar, da yamma ya dawo da nama cikin leda.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, Hamza yana aiki, Bilkisu tana barci, waya ta yi ƙara. Na ɗauka na ce no, don in Bature ne ya ajiye. Sai na ji, "Hajiya? Hajiya, Ɗan'azumi ne! Daga Garwa-Bulai nake, jiya muka samu muka fito." Na zauna a ƙasa. Na ce, "Alhaji fa?" Ya ce, "Lafiyarsa lau, ƙalau, an dai fasa kanti. Ya ce in tambaya, namiji ne ko mace?" Na ce namiji. Ya ce, "To sunansa Usmanu. Da mace ce, da Hauwa'u. Ai tun ran bakwai aka raɗa, Hajiya, liman ya yi addu'a a kan duka biyun, aka ce Allah Ya san wanda Ya bayar." Na rangaɗa guɗa ni kaɗai a falon nan, har Dora ta bugo ƙofa da gudu, ta ɗauka wani ne ya ƙone. Sai da guɗar ta sauka na tuna abin da ke cikin takarda.

Na roƙi Hamza ya je a canza. Ya ce zai duba, amma na ga ransa bai so ba, ita ma Bilkisu bakinta ya riga ya saba da Abba, alkunyar da muka yi wa sunan. Na ƙara wata guda, aka buɗe hanya, na kamo gida. Dora ta rako ni bakin mota, ta riƙe hannuna da hannu biyu. Na bar mata kwat ɗin da sauran dabino. Har muka sha kwana tana tsaye a ƙofarta, ita kaɗai a duk layin.

Sauran kun fi ni sani, tun da ku kuka ci naman. Ku kuka ba ni labarin yadda mutum arba'in suka maƙale a gidanmu saboda harbi, har da maƙwabtanmu Kiristoci na unguwar Miskin, yadda liman ya zo ta katanga, yadda aka yanka rago a bayan rijiya, aka soya, aka ci da gozo, tuwon rogo, don ba shinkafa. Suna ya cika, ba jariri, ba mai jego, ba kaka. Ni da na ƙetare ƙasa da teku don sunan nan, ni kaɗai ce ban halarta ba. Kuna ta ce mini kakar Usmanu, ina amsawa.

Da baƙi suka ragu, kwana biyu da dawowata, Alhaji ya shigo ɗakina bayan azahar ya zauna a bakin gado. Na ba shi hotuna. Ya daɗe yana duba su, yana murmushi, ya ce goshin ƙanensa ne sak. Sai ya juya ɗaya, ya ga rubutun Bilkisu a baya. Ya ce, "Abba? Wa ake ɓoye wa suna? Usmanu ai ba ya buƙatar alkunya a bakinki."

Shekara talatin da ɗaya da aurenmu ban taɓa kiran sunansa ba, ranar ma ban kira ba. Na ce, "Naka ne a takarda."

Ya ajiye hoton a kan gwiwarsa. Ya ce, "Hamza ne?"

Na ce, "Ni ce."

Ana jin masu amalanke suna wucewa a waje. Can ya ce, "Kwana nawa kika jira?"

Na ce, "Talatin da takwas."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Kin yi ƙoƙari." Ya miƙo mini hotunan, ya ɗauki butarsa ya fita masallaci, alhali da sauran awa guda kafin la'asar.